Hannun Baba na Hagu

Auta na ta kokawa da tayar gaban keke, ta ƙi shiga bayan motar, don akwatin kayan Baba ya cinye wurin.

"Ke, za ki kankare min fenti fa," in ji Yaya. "Wai dole sai da kekunan nan ne?"

Ta ciro akwatin ta kai shi kujerar baya, ta dawo ta kwantar da keken Baba, ta shimfiɗa buhu, ta ɗora nata a kai. Murfin bai rufu ba, sai ta ɗaure shi da tsohuwar robar taya.

Yau ce ranar da Yaya ya sa zai kwashe su zuwa gidansa. Tun da hawan jini ya kayar da Baba a cikin shagonsa na gyaran keke, da sifana a hannu, Yaya bai ƙara samun barcin kirki ba. Ƙafar ta dawo, bakin ma ya miƙe, hannun hagu ne dai ya yi taurin kai. Yana ɗaguwa, yana sauka, amma in Baba ya ce wa yatsun su damƙe, sai su yi kamar ba da su yake ba. Yaya ya ce ba zai bar tsoho da yarinya su kaɗai a ɗakunan bayan shago ba, ga shi Ummansu ta daɗe da rasuwa. Ya gyara musu ɗaki a benen da yake haya, ya ce a rufe shagon a mayar wa mai shi mabuɗinsa.

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai daina shiga shagon. Ko ƙarar ƙararrawar keke ya ji daga titi, sai ya ƙara muryar rediyo. Duk facin da aka kawo a watannin nan Auta ce ke yi daga ciki, bayan labule, masu kekunan suna tafiya suna yabon aikin Injiniya, kamar yadda suke kiransa.

Malamar da ke yi masa gashin hannu a asibiti ce ta jawo maganar. Ta ce ƙafafunsa garau suke, in an samu wuri shimfiɗaɗɗe wanda babu mota, ya gwada hawa keke, zai ma ƙara masa ƙarfi. Auta ta yi kwanaki tana juya maganar a baki kafin ta iya faɗa masa, kanta a ƙasa, tana miƙa masa magani. Ya haɗiye maganin kawai. Sai yau da safe, bayan an zuge akwati, ya ce, "A biya da ni ta fadama."

Yaya ya yi magiya, ya yi faɗa, har ya gaji. "To shi ke nan, Baba. In ka kai gadar katakon fadamar ka dawo a kan kekenka, ni da hannuna zan sauke kayan nan. In kuma abin ya gagara, don girman Allah kada a sake ja da ni."

"Na ji, Akawu." Haka Baba ke kiransa tun da ya kama aikin ofis.

Akwai abin da Auta ta yi wanda babu wanda ya sani. A keken Baba, birkin baya yana hannun hagu ne, na gaba yana dama. Duk yaron da ya taɓa koyon keke a ƙofar shagon nan ya sha jin gargaɗin: kada ka kuskura ka matse na dama da ƙarfi, tayar gaba za ta ƙame, keken ya tuntsura da kai ka zubar da haƙora. To, mutumin da hagunsa ba ta damƙa fa? Jiya da yamma, ko da zai yarda ya hau, ta kwance wayoyin ta sauya musu wuri, birkin baya ya koma hannunsa mai lafiya.

Aikin bai ba ta wuya ba. Faɗar ce ta gagara. Ta yaya za ta dubi wanda ya koya mata riƙe filaya ta ce masa, Baba, na san hannunka ba zai iya ba? Ta haɗa kalmomin ta warware, ta sake haɗawa. Da safe ta yi niyya, sai ga Yaya ya yi sammako. A mota ta buɗe baki, ta haɗa ido da Yaya ta madubi, ta mayar ta rufe. Abin da ya kwantar mata da hankali ɗaya ne: Baba bai taɓa hawa keke ba, ko nasa ko na wani, sai ya ɗaga shi ya juya taya, ya matsa birki biyun ya ga yadda suke ci. Da kansa zai gane, ba sai kowa ya ji kunya ba.

Hanyar keken wata jar ƙasa ce da aka daddaɓe a kan tudu, ta ratsa tsakiyar fadamar, ruwa dama ruwa hagu. An kafa ƙarafa a bakinta don kada mota ko babur su shiga. Da yake ƙarshen mako ne, wurin ajiye motoci ya fara cika: samari da hulunan kwano masu launi, wata mata da 'yarta tana ɗaure mata igiyar takalmi, wani mai tumbi yana haki tun bai hau ba. Iska na kawo ƙanshin laka da ɗanyar ciyawa. Can cikin ganyen bado wata 'yar tsuntsuwa mai dogayen yatsu na tafiya a kan ruwa kamar a tsakar gidan ubanta.

Nan suke zuwa da Baba tun tana zama a kan kariyar bayan kekensa, ƙafafunta na reto. Shi ya koya mata sunayen tsuntsayen wurin, har da waɗanda shi ya raɗa musu suna don bai san na gaskiyar ba.

"Kai! Injiniya? Kai ne kuwa?" Wani dogon mutum ne, tsohon mai kawo gyara, ya jingine kekensa ya taho da hannu biyu. "Ai cewa aka yi ka ajiye sifana. Na ce ƙarya ne, sai dai in sifanar ce ta gaji. Jama'a, ku zo ku ga mai gyaran da ya fi likita!"

Mutum uku ko huɗu suka matso, ana ta sannu da jiki. Baba yana amsawa, hannun hagun na cikin aljihun riga.

Auta ta sauko da keken ta tsayar a gabansa, ta riƙe numfashi tana jira ya ɗaga shi.

Bai ɗaga ba. Sai a lokacin ta gane wautarta: in zai gwada birki biyun, dole ya fito da hannun ya matsa a gaban Yaya da waɗannan mutanen, kowa ya ga yatsun suna rawa. Baba ya kama kan keken da dama, ya ɗora hagun da sauri kamar mai ɓoye abin sata, ya jefa ƙafa ya taka feda.

"Baba—"

"Biyo ni, in za ki biyo."

Keken ya yi tangal-tangal, ya nufi gefen ruwa, Yaya ya saki salati da ƙarfi. Sai kuma ya miƙe. Ƙafafun ba su manta ba. Auta ta haye nata ta bi shi.

Suka wuce kwanar farko, hayaniyar mutane ta ɓace, sai ƙarar taya a kan tsakuwa. Garken belbela ya tashi daga gefen hanya fari fat, ya ratsa ta samansu ya sauka can gaba. Baba ya ɗan miƙe bayansa. Rigarsa ta cika da iska.

"Kirinjijiya sun dawo," ya ce, bai juyo ba. "Kin ji su?"

Ta ji agwagin ruwan suna ta fito can cikin ciyawa kamar 'yan makaranta an tashi tara. Baba ya tattara leɓe ya mayar musu. Fiton ya fito a karkace, rabinsa iska, amma ya fito. Rabon da ta ji wani sauti daga bakinsa wanda ba "to" ko "bari" ba, har ta manta.

Ta ƙara gudu ta jera da shi. "Baba, akwai abin da—"

"Koma baya, hanyar ba ta da faɗi. Kada ki raba min hankali."

Ta koma.

Da suka iso gadar katako, sai ta ga ya sauke ƙafafu biyu yana jan su a ƙasa har keken ya tsaya. Yatsun damansa na kan hannun birkin, amma ko matsawa bai yi ba. Ashe har yanzu bai gane ba. Yanzu ne ya kamata ta faɗa, babu Yaya, babu kowa.

Amma Baba ya jingina da katakon gadar yana kallon wani zalɓe da ya tsaya a ruwa da ƙafa ɗaya, wuya a naɗe, ko motsi ba ya yi.

"Dubi malamin nan," ya ce a hankali. "Inda na bar shi, nan na same shi. Shi ma ɓari ɗaya yake aiki da shi, kuma bai rame ba."

Ya yi dariya, ya goge gefen idonsa da kafaɗa. Fuskarsa ta koma irin ta da, har ƙuruciya ta ɗan leƙo. Auta ta dubi fuskar nan ta ji ba za ta iya zuba mata ruwan sanyi ba. Ai saura komawa kawai. In sun isa gida ta faɗa masa.

Daga gadar hanyar tana ɗan gangarawa, kuma iskar ta koma bayansu. Keken Baba ya ɗauki gudu ba tare da ya taka ba. Can nesa ana hango Yaya, ya baro mota ya shigo hanyar da ƙafa, farar rigarsa na ƙyalli.

Kwatsam wata tsuntsuwa, zakaran ƙeƙuwa, ta diro tsakiyar hanya, ta buɗe fikafikai, tana wani irin ƙara mai tsaga kunne. Baba ya kaɗa ƙararrawa. Ko gezau. Sai Auta ta hango dalili: a bayanta, daidai inda taya za ta bi, wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne a kwance, launin ƙasar sak. 'Ya'yanta ne, sun lafe maimakon su gudu.

Ta ga kafaɗar Baba ta hagu ta ɗaga, yana neman birki da hannun da ya saba. Ta ga yatsun dama sun miƙe, sun kuma janye.

"Dama, Baba! Matsa dama!"

Ko bai ji ba, ko ya ji bai yarda ba. Ya karya kan keken gefe, ya gangara ta cikin ciyawa, tayar gaba ta nutse a taɓo, shi kuma ya zame ta gefe, tinjim.

Ta jefar da kekenta ta bi shi. Yana zaune cikin laka har ƙugu, hularsa na yawo a kan ruwa. Tsuntsuwar da mijinta suna ta shawagi a kansu suna zage-zage.

Yaya ya iso a guje, ya faɗa lakar da takalman ofis ɗinsa. Ya tattaɓa kan Baba, ya duba idonsa, ya ɗaga hannu, ya ɗaga ƙafa. "Ina ke ciwo? Baba, ka san ni? Wane ne ni?"

"Kai ne mai surutu. Sake ni, ba abin da na ji."

Suka tallafe shi suka fito da shi kan hanya. Yaya ya ce, "Ka gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Da kan dutse ne fa? Da ruwan da zurfi fa? Me zan ce wa mutane, me zan ce wa kaina?"

Baba ya zauna a gefen tudun, laka na ɗiga daga rigarsa. Ya ɗora hannun hagun a cinya ya zuba masa ido.

"Birki na nema," ya ce. "Ya ƙi." Ya juya ga Yaya ya ce, "Ka yi gaskiya, Akawu. Mu tafi."

Muryar ce ta tsorata Auta. Irin muryar bayan rediyo ce, ta dawo.

"Ba hannun ba ne."

Su biyun suka juyo. Ita ma ba ta san muryarta na kai haka ba.

"Laifina ne. Na sauya wayoyin jiya. Birkin baya yana dama yanzu. Da ka matsa, da ka tsaya." Maganar na fitowa a hargitse, tana haɗuwa da kuka. "Na so in faɗa maka. Na zaci za ka gwada kafin ka hau, kamar kullum. A gada ma na so in faɗa, sai na ga kana dariya."

Baba ya dube ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ciro min keken."

Ta koma cikin taɓon ta jawo shi. Baba ya miƙe, ya ce ta ɗaga bayan. Ya juya feda da ƙafa, tayar baya ta yi ta gudu tana fesa musu laka. Ya matsa hannun dama. Tayar ta tsaya cak.

Ya sake juyawa, ya sake matsawa. Cak.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min keke?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki. Kuma ki yi aiki a birkin mutum ki bar shi ya hau bai sani ba? A shagon wa kika koyi wannan? Ko baƙo ne ya kawo gyara, ai ko noti ɗaya kika juya sai kin gaya masa kafin ya taka feda, balle birki!" Ya durƙusa yana bin wayar da yatsa, daga sama har ƙasa. "Ji wannan kuma. Wayar gaba ta yi tsawo, kin naɗe ta kamar igiyar guga. Me ya hana ki yanke ta daidai?"

"Na ce ko za ka ce a mayar yadda yake."

Baba ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya fasa. Ya murza notin da ta ɗaure. Bai motsa ba. Ya ce, "Hm."

Yaya na tsaye yana kallonsu, laka har gwiwar wandonsa. Ya daɗe bai ji Baba ya yi wa wani faɗa ba. Ya matsa baya zai zauna.

"Tsaya nan!" Baba ya daka masa tsawa. "Ɗaga ƙafarka a hankali. Dubi ƙasa."

Yaya ya duba bai ga komai ba. Sai da ya sunkuya sosai. Dab da takalminsa, ɗan tsakon na kwance, bai fi ƙwai girma ba, ya manna wuya da ƙasa, ido ɗaya baƙi ƙirin yana kallonsa. Ga wani can, ga wani a cikin sawun taya.

"Ikon Allah," in ji Yaya, da raɗa. "Don waɗannan ka faɗa ruwa?"

"To a kansu zan bi? Mu matsa, uwar ta kusa haukacewa."

Suka ja kekunan gaba kaɗan. Baba ya tsaya yana matse bakin rigarsa da hannu ɗaya.

"Alkawari na yi maka," ya ce wa Yaya. "Na faɗi, kuma ka gani da idonka. Ba zan fake da yarinya ba. In ka ce mu tafi, mu tafi."

Yaya ya dubi inda motar take, ya dubi Baba, ya dubi Auta da ke share hanci da bakin mayafi. Ya cire takalminsa ɗaya ya zazzage lakar da ke ciki.

"Ina hango ka tun daga gada," ya ce. "Na ɗauka wani saurayi ne, sai da na ga yarinyar nan a bayanka." Ya cire ɗayan ma. "Ni dai cewa na yi ka dawo a kan keke. Kuma daga nan zuwa mota da sauran tafiya."

"Akawu, kada ka ji tausayina."

"Wane tausayi? Kujerar motata nake ji, da lakar nan da ke jikinka. Gara iska ta ɗan busar da kai." Ya juya ga Auta. "Ke kuma Sarkin Shiru, daga yau in kin ga abu ki faɗa. Ni ma ki riƙa faɗa min. Ba ni keken nan naki, ba zan bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Amma da sharaɗi, Baba: hular kwano, kuma asibiti ba fashi."

"Hular kwano sai ka ce ɗan tsere."

"Ko ita, ko bene."

Baba ya yi tsaki, amma bai musa ba. Ya kama kekensa. Wannan karon ya matsa dama, ya gani. Sannan ya ɗora hagun a fili, a gabansu, ya matsa. Yatsun suka yi rawa, suka lanƙwashe a hankali, robar birkin gaba ta ɗan sumbaci ƙarfen tayar ta saki.

"Na gaba ai ba ya son ƙarfi dama," ya ce, kamar da keken yake magana.

Ya jefa ƙafa ya hau. Kafin ya taka, ya ce, bai dube ta ba, "Gobe in kin buɗe shago ki yanke wayar nan daidai. Kuma ki cire labulen nan, duhu yake sa wa wurin aiki."

Ya tafi. Yaya ya miƙa mata takalmansa, ya hau nata keken ƙafa ba takalmi, gwiwoyinsa na neman dukan haɓarsa, yana tangaɗi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Akawu!" ta jiyo muryar Baba daga gaba. "Birkin bayan naka yana hagu fa! Kada ka zubar min da haƙora a nan!"

Auta ta tsaya riƙe da takalman. Da hanyar ta yi shiru, uwar ta sauko, ta yi wani ɗan kira can ƙasa-ƙasa. 'Yan dunƙulen ƙasar nan suka miƙe a kan siraran ƙafafu, suka bi ta cikin ciyawa a guje. Sai da na ƙarshen ya shige, sannan ta kama hanya.